Yadda na sabunta tsohuwar kwamfutata domin BOINC

Kwamfutar da nake bai wa Einstein@Home (wani aikin binciken sararin samaniya da ke aron ƙarfin kwamfutocin 'yan sa-kai ta manhajar BOINC) aron ƙarfinta tana da furosesa Core i3-2100, mai cin wat 65. Na maye gurbinsa da i7-3770T: ƙwaƙwalwa huɗu maimakon biyu, wat 45 kacal. Mu masu dogaro da sola mun san darajar wat 20 ɗin nan.

Fara duba mazaunin furosesa. Nawa LGA 1155 ne. Sabunta BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta) tun tsohon furosesa yana ciki, in ba haka ba allo ba zai kawo ba. Ni sai da na sake kwancewa. Goge tsohon man sanyaya (wanda ake shafawa a kan furosesa), ɗiga sabo kamar ƙwayar wake.

Lokacin bazara nakan rage aikin BOINC zuwa kashi 70 na ƙarfin furosesa.