In karenka ya fara gudawa yana ɓata cikin gida, ga abin da za ka yi

Kwana biyu bayan babbar sallah na fito da asuba zan tafi masallaci sai wari ya tare ni tun daga bakin ƙofar falo, na haska tocila na ga baranda duk ta ɓaci, kashi ne ruwa-ruwa wuri uku har da jikin tayar mota, shi kuma Taiga, karen da ke mana gadi shekara huɗu bai taɓa yi a kan siminti ba, yana can ƙarƙashin tankin ruwa ya kwantar da kunnuwa. Yarona babba har ya ɗauko sanda na ce masa ajiye, karen da ya san wurin bahayarsa tun yana ɗan kwikwiyo ba zai wayi gari ya manta ba, cikinsa ne ya fi ƙarfinsa. Da na bincika ashe yara ne suka tara masa kitse da ragowar kayan ciki da ƙasusuwan da aka soya, shi kuma ya cinye tas.

To abu na farko kenan da nake so duk mai kare ya riƙe, kafin ka yi fushi ka tsaya ka kalli kashin, eh na san ba daɗi, amma shi ne zai gaya maka ko wannan abin gida ne ko na asibiti. In ruwa-ruwa ne kawai kalarsa ta saba, karen kuma yana tashi yana kaɗa jela yana shan ruwa, yawanci wani abu ya ci kuma kwana ɗaya zuwa biyu zai wuce. In yana yi kaɗan-kaɗan sau da yawa yana yunƙuri da majina-majina a jiki to babban hanji ne ya samu matsala. Amma in ka ga baƙi ƙirin kamar kwalta, wannan jini ne da ya zubo daga can sama cikin tumbi, ko ka ga jini ja yana fita kamar an buɗe famfo da wani ƙarni mai tada zuciya, kada ka tsaya dafa shinkafa, likitan dabbobi za ka nema. Ka ɗauki hoto da waya, ka ɗebi kaɗan a leda ka ƙulle, likita zai duba ƙwan tsutsa a ciki.

Sai ka duba ko ruwan jikinsa ya ƙare, don abin da ke kashe kare a gudawa kenan, balle a zafin Maris da Afrilu. Ka kama fatar bayan wuyansa ka ɗaga ka saki, in ta koma nan take lafiya lau, in ta tsaya a tsaye kamar tanti tana komawa a hankali to ya bushe. Ka ɗaga leɓensa ka taɓa dasashi, ya kamata ka ji danshi da santsi kuma kalar ta zama ja-ja mai haske, in ka ji ya bushe yana kama yatsa ko ya yi fari fat akwai matsala. Kare mai lafiya yana shan wajen mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 20 ya ɗan haura lita ɗaya, mai gudawa kuwa ya fi haka buƙata. Kada ka hana shi ruwa wai don gudawar ta tsaya, wasu na yin haka kuma kuskure ne babba. In yana amai ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kamar rabin kofi duk bayan rabin awa, za ka iya haɗa masa ruwan gishiri da sukari na ORS irin wanda ake ba yara ka ajiye kusa da ruwansa na kullum, wanda ya ga dama ya sha.

Abinci kuma, babban kare mai ƙarfi za ka iya ɗauke masa kwano na awa 12 cikin ya huta. Ɗan kwikwiyo ban da shi, sukarin jininsa saurin faɗuwa yake, haka tsohon kare da karya mai ciki ko mai shayarwa. Bayan nan sai ka dafa farar shinkafa ta yi luguf, ka dafa tsokar kaza da ruwa zalla ka cire fata da ƙashi ka yayyaga, shinkafa ma'auni biyu kaza ma'auni ɗaya, ba gishiri ba magi ba mai ba yaji. In kaza ta yi tsada dafaffen ƙwai ma ya yi, in akwai kabewa ka dafa ka murƙushe cokali biyu a ciki tana taimakawa kashin ya haɗu. Kada ka cika masa kwano, ka raba sau huɗu a rana, kwana biyu zuwa uku, in kashin ya fara kama jiki sai ka riƙa cakuɗa abincinsa na da a hankali har ya koma. Taiga da yammacin rana ta biyu ya fara yin mai kauri, rana ta huɗu ya koma bayan gida inda ya saba.

Ni abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ciyar da karnuka a gidajenmu, duk abin da ya rage a tukunya na kare ne, miyar da ta kwana ta yi tsami, ƙanzo, dafa-duka mai albasa da tafarnuwa da attaruhu. Albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ko ɗanye ko dafaffe, kuma ba ranar za ka gani ba sai bayan kwanaki ka ga ya yi laushi dasashi ya yi fari fitsari ya yi duhu. Kitse mai yawa lokaci ɗaya, irin na layya, yana iya kumbura masa wani sashe na ciki da likitoci ke kira fankiriyas, ka ga kare yana amai ya ƙame ciki ya dafa ƙasa da ƙafafun gaba ya ɗaga ƙugu kamar mai roƙo, wannan ciwo ne mai tsanani kuma na asibiti ne. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, tsagewa yake kamar tsinke ya soki hanji. Madara da yawan manyan karnuka ba sa iya narkar da ita, zawo take sa su. Cakulan da inabi da zabibi guba ne a gare su. Ko abincin buhu na kanti ne ka sauya masa daga wani zuwa wani dare ɗaya zai iya ɓata masa ciki, sai dai ka haɗa tsoho da sabo kana ƙara sabon har kwana 7.

Maganar magani kuwa don Allah a yi hattara. Na sha ganin mutum ya buɗe durowa ya ɗauko na mutane ya tura wa kare a cikin tuwo. Ibuprofen da diclofenac suna huda tumbin kare suna kashe ƙoda, paracetamol yana taɓa hanta. Flagyl likitoci na bayarwa amma da lissafin kilo, in ya yi yawa kare tangaɗi yake kamar ya bugu. Maganin tsayar da gudawa na mutane kuma in ƙwayoyin cuta ne suka kawo ta ko guba ya ci, kulle dattin kawai ka yi a ciki. In kana zargin ya lashi maganin ɓera ko Sniper ko fiya-fiya, za ka ga yawu na dalala jiki na rawa ga amai ga zawo lokaci ɗaya, ɗauki kwalbar ko ledar maganin ka tafi da ita wurin likita a lokacin, kada ka tsaya ɗura masa manja.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne fabo. Cuta ce da aka fara ganewa a karnuka a 1978, ƙwayarta tana cinye bangon hanji, kuma ƴan kwikwiyo daga sati 6 zuwa wata 6 da ba su gama rigakafi ba su take ɗauka, jinsin karnuka irin su Alseshan da Rotwaila ma sun fi saurin faɗuwa. Yadda take zuwa, yau kwikwiyo ya ƙi cin abinci ya kwanta, gobe amai, jibi zawon jini mai wari wanda in ka taɓa ji sau ɗaya ba ka mantawa, in ba a sa masa ƙarin ruwa ba cikin kwana biyu-uku sai ka rasa shi. Babu wata shinkafa da kaza a nan. Allurar rigakafin fabo ana farawa a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai sati 16, ta haukan kare kuma a wata 3 sannan duk shekara. In ka sayi kwikwiyo a bakin titi mai sayarwa ya ce maka an yi masa allura, ka ce ya nuna kati, babu kati ka ɗauka ba a yi ba. Wanda ke kusa da Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Sakkwato da Maiduguri ma jami'o'insu na da shi, ƴan Filato kuma ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, sannan kusan kowane babban birnin jiha akwai asibitin dabbobi na gwamnati. Sauran alamun da ba a jira da su, kare ya yi ta kakarin amai ba abin da ke fita ciki kuma ya kumbura kamar ganga, ko amai ya ƙi tsayawa ko ruwa ya sha sai ya dawo, ko zawon ya wuce kwana biyu, ko zafin jiki ya haura digiri 39.5.

Yanzu wanke wurin. Mu dai mun san kashi da fitsarin kare najasa ne, kuma tsakar gidan nan nan ake shimfiɗa tabarma nan yara ke rarrafe, shi ya sa ba a yi masa wankin shafa-shafa. Ka sa leda a hannu ko safar roba, in ruwa-ruwa ne ka zuba toka ko yashi a kai ya tsotse minti kaɗan sai ka kwashe da shebur ko kwali, ka ƙulle a leda ko ka zuba a masai, kada ka kora shi da ruwa zuwa kwata ya bi ta ƙofar maƙwabta. Sai ka wanke da omo da ruwa ka ɗauraye sosai, bayan nan ne za ka sa bilic irin su Hypo ko Jik, ma'auni 1 a ruwa ma'auni 30, kamar cikin kwalbar lemo ɗaya a bokiti mai lita 10, ka bar shi minti 10 kafin ka ɗauraye. Kada ka taɓa zuba bilic kai tsaye a kan fitsari, hayaƙin da ke tashi yana ƙona ƙirji. In fabo ce bilic ɗin dole ne, don ƙwayar tana zama a ƙasa watanni har shekara, Dettol da Izal ba sa kashe ta, kuma kada ka kawo sabon kwikwiyo gidan sai wanda ya gama allurarsa. Kafet ko katifa kuwa kada ka goga, dannawa za ka yi da tsumma ya tsotse, ka zuba ruwan khal da ruwa rabi da rabi, in ya sha iska ka barbaɗa hodar bekin soda ta kwana ka share, ka shanya a rana. Tsintsiya da bokitin wannan aiki a ware su daban, kada su haɗu da na alwala ko na kicin. Dalilin duk wannan wahala shi ne hancin kare, in ya ji ɗan saura ko kai ba ka ji ba, ya ɗauka nan ne masai, gobe ma nan zai dawo.

To in kashin lafiyayye ne mai kauri amma yake yi a inda bai kamata ba fa? Nan sai ka duba kanka tukuna. Karnukanmu da yawa a keji ko a sarƙa suke wuni sai dare a sake su, kare ba ya son ɓata makwancinsa amma awa goma sha wani abu ta fi ƙarfin kowa. Ɗan kwikwiyo lissafinsa mai sauƙi ne, watanninsa ka ƙara ɗaya, mai wata 2 ba ya riƙe fitsari fiye da awa 3. Ka zaɓa masa wuri guda a bayan gida mai ƙasa ko yashi, ka kai shi da ya tashi barci, da bayan cin abinci da minti 15 zuwa 20, da kafin ka kulle shi, ka tsaya har ya yi, yana gamawa ka yabe shi ka ba shi ɗan guntun nama a take a wurin. Abinci a lokaci guda kullum, safe da yamma, sai bahayar ma ta samu lokaci. In ka kama shi yana cikin yi a baranda ka tafa hannu ka ɗauke shi zuwa wurinsa, in kuma bayan awa ka tarar to ka wanke kawai, duka ko dangwala masa hanci a ciki ba ya koya masa komai sai tsoronka, daga nan ya fara ɓuya bayan janareta yana yi. Wani kuma tsoro ne ke sa shi sakin fitsari, tsawar damina ko nokawut na ƙarshen shekara, wannan a ba shi lungu mai duhu ya shige. Babban kare da ya fara ɗigar fitsari ko yana yi kaɗan-kaɗan da jini ko yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, a gwada fitsarin, yana iya zama ciwon mafitsara ko ƙoda ko suga, karya kuma in bayan ta gama lokacin barbara da wasu makonni ta fara haka tana ƙin abinci a duba mahaifa da sauri.

Sai tsutsar ciki, wadda ita ce ke kawo zawon da ke tafiya yana dawowa, kare na ci amma yana ramewa gashi ya yi buzu-buzu, kwikwiyo kuma ka ga ciki ƙato ƙafafu sirara. Ana ba kwikwiyo magani a sati 2, 4, 6 da 8, sannan duk wata har ya kai wata 6, babba kuma duk wata 3, a auna nauyinsa kafin a bayar. Wannan ba don karen kaɗai ba ne, ƙwan tsutsar yana zama a ƙasa, yaro ya yi wasa ya kai hannu baki ya haɗiya, wata kuma ta fatar ƙafa take shiga ka ga jan layi yana tafiya yana ƙaiƙayi. Shi ya sa a gidana kashin Taiga ba ya kwana a ƙasa, kullum da safe ake kwashewa, ɓangaren da yake yi kuma yara ba sa zuwa ba takalmi, wanda ya taɓa kwanonsa sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya zauna cin abinci.