Oba-oba ta ƙi buɗe rifita? Duba ton kafin ka zargi eriya

Sau da yawa oba-obar da masu gadi da 'yan sintiri ke kaiwa gyara a Kano da sunan "ta daina kamawa", lafiyarta ƙalau. Batir cike, eriya daidai, mita daidai. Ton ne bai dace ba. Rifita, wato na'urar da ke karɓar kira ta sake watsa shi nesa, ba ta buɗewa don ta ji murya kawai, sai ta ji wani siririn amo da ke bin ƙarƙashin muryar, tsakanin 67.0 da 254.1 Hz. Wannan amon shi ne ton, ana kiransa CTCSS. Motorola na ce masa PL, Kenwood na ce masa QT, duk abu ɗaya ne.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne faɗin ton da lambar jeri. Sai ka ji oga ya ce wa yaransa, "kowa ya sa a lamba 2." Lamba 2 ta wace rediyo? A mai jerin ton 38, lamba 2 ita ce 71.9 Hz. A mai jerin 50 kuwa 69.3 Hz ce, kuma daga nan sauran lambobin duk sun goce. Mai gadin ƙofa a Sharada yana ta kira, na cikin ma'aikata bai ji komai ba, washegari a sayo sabbin rediyo a ce tsofaffin sun mutu. Haba jama'a! Wannan asara ce ta ganganci. Ni a wurina ba a rubuta ton sai da Hz ɗinsa, a jikin takarda, a manna a bayan murfin batir. Wanda ya ba ka lambar jeri kawai, bai ba ka komai ba.

Na biyu shi ne rashin bambance ton na aikawa da na karɓa. A oba-oba ƙirar Baofeng UV-5R, T-CTCS da ke menu 13 shi ke buɗe rifita, R-CTCS da ke menu 11 kuwa kunnenka yake tsarewa. Ba kowace rifita ke mayar da ton ba, wata ma daban take mayarwa. Idan ka cika duka biyun da ton ɗaya ba tare da ka tambaya ba, za ka ga koren fitila ta kama alamar ana magana, amma lasifika shiru. Mutane na jin ka, kai ba ka jin su, kana ta tsalma musu baki a tsakiyar magana. Ka bar R-CTCS a OFF tukuna, ka tabbatar kira na tafiya yana dawowa, sannan ka sa masa ton. Kuma idan tashar tana ajiye ne, goge ta a menu 28 ka sake ajiyewa a 27, in ba haka ba gyaran ba zai zauna ba.

DCS wani tsarin buɗe rifita ne daban, lambobi uku ne irin 023, ba ya magana da CTCSS sam. Kula da harafin ƙarshe: D023N da D023I ba ɗaya ba ne, mai N na daidai ne, mai I wanda aka juya ne. Wani abin ma, 023 da aka juya daidai yake da 047, shi ya sa rediyon wasu ke buɗe taka ba gaira ba dalili.

Ga mai kafa rifita, ka guji 100.0 Hz. Wutarmu 50 Hz ce, idan abin ba da wuta bai tace ta sosai ba, gunjin da yake fitarwa ninkin wannan ne, sai ya riƙa rikita ton ɗin.

Rediyo a Narrow (matsattsiyar tasha), rifita a Wide (faffaɗar tasha): ton na isa da rauni, daga nesa ta buɗe ta rufe. Daidaita su a menu 5. Ƙarar "kishh" da ake ji bayan an saki maɓalli idan an haɗa Motorola da wani kamfani, bambancin yadda suke sanar da ƙarshen kira ne, ba lalacewa ba. Ka danna maɓalli, ka ɗan dakata kamar rabin daƙiƙa kafin ka yi magana, don ƙananan ton irin 67.0 sun fi jinkirin ganewa, kalmar farko takan salwanta.

Kada kuma wani ya sayar maka da ton a matsayin sirri. Duk wanda ya kashe nasa a mitarku yana jin komai, don haka ba a faɗin inda kuɗi suke ko lokacin sauyin masu gadi a kai. Idan wasu na shigo muku, sauya ton ɓoye su kawai zai yi, kuna nan kuna danne juna. Mita ce matsalar.