Yadda ake bin sawun matar manomi a takardun ƙidayar Amurka

Tun daga 1790 Amurka take ƙidayar jama'arta duk bayan shekara goma, amma ba a buɗe sunayen mutane sai an cika shekara 72, shi ya sa ƙidayar 1950, wadda aka saki a Afrilun 2022, ita ce ta baya-bayan nan da ke hannun jama'a. Ana duba hotunan takardun kyauta a shafin FamilySearch.

Da farko ka nemi matar a ƙidayar ƙarshe da aka yi tana raye, da sunan dangin mijinta, sannan ka riƙa ja da baya. Kafin 1850 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, idan kuwa baiwa ce, da wuya sunanta ya bayyana kafin 1870.

Idan ta kai 1900 da rai, ka dakata a nan, domin ƙidayar shekarar ta tambayi wata da shekarar haihuwa, da tsawon zaman aure, da yawan 'ya'yan da mace ta haifa da waɗanda ke raye. Ka ɗebe shekarun aure daga 1900, ka sami shekarar da za ka nemi takardar aurenta a gundumarsu, wadda za ta ba ka sunan gidan ubanta, da shi kuma za ka same ta tana yarinya. Idan an rubuta ta haifi tara, biyar na raye, kai kuma sunaye shida ka tattara, to akwai uku da suka zo suka koma tsakanin ƙidaya da ƙidaya ba a rubuta su ba.

Daga 1880 ne aka fara bayyana dangantakar kowa da maigida, inda za ka gane suruka da ɗan riƙo da ɗan ƙwadago. Takardun ƙidayar 1890 kuwa gobarar 1921 a Washington ta lalata yawancinsu, saboda haka 'yar da aka haifa a 1881 tana iya yin aure ta bar gida ba ka taɓa ganinta tare da uwarta ba.

A ƙidayar 1870 da ta 1880, a gurbin sana'a galibi "mai kula da gida" aka rubuta mata, wanda a ganina ya rage mata aiki ƙwarai. Ka nemi jadawalin gona, wato sashen ƙidaya da ya shafi gonaki, na 1850 zuwa 1880 da sunan mijin: akwai yawan shanun tatsa da labar man shanun da aka kaɗa, na 1880 har da kaji da ƙwai, kuma yawanci aikin mata ne.

Kada saɓanin shekaru ya sa ka yar da takarda, domin malamin ƙidaya yana rubuta abin da wanda ya tarar ya faɗa masa ne, wani lokaci ma maƙwabci. A ƙidayar 1940 an sa alama kusa da sunan wanda ya ba da amsa, sai ka duba ko ita ce ta yi magana da bakinta.