Yadda matashin likita zai tsara aiki da jagoransa na bincike a Yamai

Likitan da ke karatun ƙwarewa a Jami'ar Abdou Moumouni ba ya rasa farfesan da zai sa hannu a kundinsa. Wanda zai zauna ya karanta ne ke wuyar samu. Saboda haka ka nemi jagora biyu tun farko: babban likitan sashenku, wanda ya san cutar kuma majinyata ke hannunsa, da masanin ƙididdiga ko annoba, irin waɗanda ke CERMES, cibiyar binciken lafiya ta Yamai. Ka je wurin na biyun kafin ka cika takardar majinyaci ko ɗaya. Idan ka tara mutum 200 sannan lissafi ya nuna 400 ake buƙata, aikin ya riga ya gurgunce.

A zaman farko ku rubuta yarjejeniya, shafi ɗaya ya isa: tambayar binciken a jimla guda, haɗuwar minti 30 duk mako biyu, kwana 14 iyakar zaman rubutunka a teburin jagora, da wanda zai adana bayanai. A sa rabin yini biyu a mako na bincike zalla, ba washegarin aikin kwana ba, don wanda ya kwana a ɗakin gaggawa gyangyaɗi kawai zai yi a gaban kwamfuta.

Sai batun jerin sunayen marubuta idan za a buga binciken a mujalla, inda zumunci ya fi lalacewa. Ƙa'idar editocin mujallun likitanci ta ICMJE sharaɗi huɗu ce kafin a sa sunan mutum cikin marubuta: mutum ya taka rawa a tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya rubuta ko ya yi gyara mai ma'ana, ya amince da rubutun ƙarshe, ya kuma ɗauki alhakin abin da ke ciki. Tunda CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, na duba matsayin suna wajen ƙarin girma, kowa na da ido a kai. Kunya za ta so hana ka magana, amma ka ce: "Malam, yaya kuke ganin za a jera sunaye idan Allah ya kai mu bugawa?" Ka rubuta amsar nan take.

Takardun neman izinin bincike daga kwamitin ɗa'a na ƙasa ka lissafa su da yanayin cutar da kake bincike a kai. Zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa daga Agusta zuwa Oktoba, sanƙarau kuwa da rani. Izinin da ya makara wata biyu yana iya cinye maka shekara, don lokacin cutar ya wuce. Takardar amincewar majinyaci a tanade ta da Hausa da Zabarmanci, a karanta wa wanda bai yi boko ba, ya dangwala yatsa a gaban shaida.

Kwana uku kafin kowane zama ka tura shafi biyu da tambayoyinka, bayan an tashi ka aika abin da aka yanke ta WhatsApp. Idan zama biyu suka wuce shiru, ka fara da jagora na biyu, sannan shugaban shirin karatun, wanda ya kamata sunansa na cikin yarjejeniyar tun ranar farko.