Yadda na gyara lallen da ya yi dabbare-dabbare

Lalle ya zame a bayan hannu, gaɓoɓin yatsu suka fi ko'ina duhu. Matacciyar fatar sama launin yake kamawa, shi ya sa inda hunturun Kano ya busar ya fi sha.

Na jiƙa hannun a ruwan ɗumi minti 15, na shafa man zaitun na bar shi minti 10. Sai na kwaɓa sukari cokali 2 da mai cokali 1, na murza a hankali, kan duhun kaɗai, na ɗauraye, na bi da man kaɗe. Kullum sau ɗaya. Kwana 4 launin ya daidaita.

Don Allah kada ki matsa lemon tsami kan fatar da kika murza, zafi za ta yi ta tsage. In baƙin lalle ne ya fito da ƙuraje, daina murzawa, ki je asibiti.