Yadda za ka dawo wa dattijon Ailan da rediyo da talabijin ɗin ƙasarsu a ƙasar waje

Ina aikin kula da tsofaffi a Birmingham, cikin gidajen da nake zuwa akwai na wani dattijo ɗan Ailan da ya zo Ingila aikin gini tun yana saurayi. A watan Afrilun 2023 da RTÉ, gidan rediyo da talabijin na ƙasarsu, ya kashe tasharsa ta dogon zango 252, na tarar da shi yana ta murza akwatin rediyo ba abin da ke fita sai shuuu, shi ya ɗauka batir ne ya mutu. Wallahi abin ya tsaya min a rai, kamar a ce Baba a gida ya kunna sashen Hausa da asuba ya ji shiru. To in kana da irinsa, maƙwabci ko suruki ko wanda kake kula da shi, ga yadda na yi.

Fara da rediyo, shi ne ransu. RTÉ Radio 1 kyauta ne a intanet duk inda kake, amma don Allah kar ka miƙa wa mai shekara tamanin waya ka ce ya nemi manhaja, ba zai yi ba, zai dai ce maka ya gane don kar ya wahalar da kai. Nemo rediyo mai haɗuwa da wayfai, mai maɓallan ajiye tasha, ka sa Radio 1 a lamba ɗaya. Sai ka tambaye shi daga wane yanki ya fito, nan fa maganar take. Nawa ɗan Mayo ne, sai na sa masa Midwest Radio, tashar yankinsu, a lamba biyu, saboda kullum suna karanta sanarwar rasuwa, yana zama da biro da takarda yana saurare, in ya ji sunan da ya sani sai ya ce in kira masa gida ya yi ta'aziyya.

Talabijin kuma RTÉ Player, manhajar kallon RTÉ a intanet, na buɗewa a waje amma ba komai ba, labarai za ka samu, wasu shirye-shiryen a kulle suke don haƙƙin nuna su a cikin Ailan kaɗai aka saya. TG4 Player, na wata tashar talabijin ta Ailan, ya fi sakin hannu, da harshen Ailan ne amma yawanci da rubutun Turanci a ƙasa. Kar wani ya ɓata kuɗi ya aiko da akwatin Saorview, wato na kamo talabijin ɗin Ailan da eriya, daga gida, turakun watsa shirye-shiryensa a Ailan suke. Masu cewa a sa VPN, manhajar da ke nuna kamar a wata ƙasa kake, ni dai ban ba da shawara ba, yau ya yi gobe ya tsaya, kai kuma ba ka nan.

Wasanninsu na gargajiya, hurling (ƙwallon sanda) da ƙwallon Gaelic, ana samunsu a GAA+, tashar intanet da a da ake kira GAAGO, shi na kuɗi ne. Ka biya ka gwada tun kwana biyu kafin wasa, musamman a Yuli lokacin wasan ƙarshe a filin Croke Park da ke Dublin, in a New York yake ka tuna Dublin ta riga su da awa biyar.

Da ka gama haɗa komai ka rubuta matakan da manyan baƙaƙe ka manna a bayan rimot, sannan ka koma gefe ka bar shi ya kunna da hannunsa sau biyu kafin ka tafi.