Girki don yaran da ke kwana a tasha: inda masu son girki ke tafka kuskure

Mai son girki idan ya tashi ciyar da matasan da ke kwana a tasha ko ƙarƙashin gada, abin da ke fara kayar da shi shi ne son nuna gwaninta. Sai ka ga an yi soyayyiyar shinkafa da hanta, ga haɗin kabeji da mayonis. Kuɗin mutum 50 ya ƙare a kan 20, mayonis kuwa ba ya jure zafin rana. Garau-garau ya fi: shinkafa da wake, mai da yaji, yana riƙe ciki, kuma kowa ya saba da shi. Ga matasa 50, a auna shinkafa kilo 5, wake kilo 3, man gyaɗa lita ɗaya da rabi. Wake ake fara ɗorawa, sai ya yi rabin nuna a zuba shinkafa. Kanwa kuma ɗan kaɗan, idan ta yi yawa tana ɓata ciki.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne a sauke tukunya da hantsi, a raba bayan la'asar. Akwai ƙwayoyin cutar da ke cikin ɗanyar shinkafa waɗanda dafuwa ba ta kashe su. Da abinci ya huce sai su hayayyafa su saki guba, kuma ɗumame ba ya kawar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye, sai dai in zafinsa na sama da digiri 60. Yaron da ke kwana a titi ba shi da banɗaki, ba shi da kuɗin magani. Gudawa a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne. Don haka a fara tsayar da lokacin rabo, sannan a lissafo lokacin ɗora tukunya. A ɗauraye kula da tafasasshen ruwa kafin a juye, a rufe, kada a riƙa buɗewa. A bar ƙulla abinci mai zafi a leda. Buta da sabulu su riga abincin isa wurin, musamman da damina, lokacin amai da gudawa.

Wanda ya kwana biyu bai ci ba, a fara ba shi kunu ko koko, maiƙo ya biyo baya.

Sai rabon. Miƙo abinci ta tagar mota wawaso yake jawowa, manya su danne ƙanana. A nemi shugabannin tasha ko mai unguwa tukuna, in almajirai ne a ga malaminsu. A zaunar da yaran biyar-biyar, a fara da ƙanana, kowa ya ci a nan, don abin da aka tafi da shi sau da yawa ƙwace shi ake yi. 'Yan mata ba kasafai suke shiga layin maza ba, sai a sa mace ta kai musu. Waya kuma ta zauna a aljihu; yaro na ganin ana ɗaukar hotonsa da kwano a hannu, gobe ba lallai ya dawo ba.

Da azumi kowa na rabo har a yi ta zubarwa, bayan salla kuma shiru. Gara a zaɓi rana ɗaya a mako, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ko da kilo 3 ne kawai za a iya. In an saba, a ja manya daga cikin yaran su tsince wake, su yanka albasa, su koyi awo, a kuma biya su ladan aikin.